Fararen Ɓeraye da Haddar Malam

Mahaifina, wanda kowa a gidanmu har mahaifiyarmu ke kira Malam, shi ne limamin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Ƙauyenmu yana gefen Furana, a ƙasar Ikara, masallacin kuma ƙarami ne. Kusan duk wanda ke tsayawa a bayan Malam a zaurensa ya yi karatu, in ba shi ba to ubansa. Na fara da wannan ne don shi ya ba abin da ya faru nauyin da ya yi.

Ni ne na fita daban a gidan. Na yi allo kamar kowa, na taɓa littattafan farko a gaban Malam, daga nan boko ya ja ni har jami'a, inda na karanci ilimin magunguna. A shekarun da nake magana ina digiri na biyu, kuma aikin binciken da aka ba ni a kan ɓeraye ne, farare masu jajayen idanu, waɗanda ake kiwo musamman don gwaji.

Bari in bayyana aikin gwargwadon yadda na fahimce shi. Akwai wani sinadari da jiki ke buƙata, bitamin B1, ana ce masa tayamin. Yana cikin dusar hatsi da wake da gyaɗa. Shi kansa ba ya shiga ƙwaƙwalwa da sauƙi, don haka masana suka ɗan sauya ƙirarsa, suka mai da shi magani mai iya ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa kuwa ba sa manne da juna. Akwai ɗan rata a tsakaninsu, sai wannan ta saki wani sinadari, waccan ta karɓe shi ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikinta. Da haka saƙo ke tafiya. Tambayar da nake bi ita ce: in maganin nan ya shiga, me yake yi wa waɗannan saƙonni? Kullum da safe nakan auna kowane ɓera, in ba shi rabonsa, in share kejinsa, in zuba dusar katako sabuwa. A ƙarshe mukan kashe su, mu ciro ƙwaƙwalwar mu ɗora a kan ƙanƙara, mu yi sauri kafin a ɗauke wuta.

Ranar da na fara yi wa Malam bayanin wannan aiki, yana zaune yana ɗinke bakin wata gafaka, wato jakar fata da yake ajiye tsofaffin littattafansa, wadda ɓera ya gaigaye. Ya ɗaga ta ya nuna mini.

Ya ce, "Waɗannan da suka hana littattafaina sakat, su ne kake ba maganin ƙarin basira? Ashe da hannunka a ɓarnar nan."

Na ce, "Allah gafarta Malam, nawa ba irin waɗannan ba ne. Ba su taɓa ganin rumbu ba ma."

"To in kun gama da su sai ku sake su?"

Na ce a'a, na faɗa masa abin da muke yi. Ya ci gaba da jan zare. Can ya ce, "To ka kula. Abin da ka karɓi ransu a kansa, kada ka ƙara masa gishiri." Daga ranar ya sa mini suna likitan ɓeraye, sunan kuma ya bi gari.

A ƙarshen wata damina na zo hutu, lokacin an fara shanya barkono a kan kowane dandali, iska duk yaji. Muna sallar magariba, Malam ya ɗauko wata sura matsakaiciya wadda ban san iyakar sau nawa na ji ta a bakinsa ba. Ya kai tsakiya sai ya tsaya. Ya koma farkon ayar, ya sake zuwa wurin, ya sake tsayawa.

A ƙa'ida, in liman ya kakare, wani daga baya yakan tuna masa kalmar da ke gaba, ya kama ya wuce. Kowa a masallacin ya san haka, domin Malam ne ya koya musu. Amma wa zai buɗe baki ya tuna wa wanda ya ɗora masa harafin farko a kan allo? Na'ibinsa yana tsaye daidai bayansa, mutum mai hadda sosai, amma tsohon ɗalibinsa ne, bai yi ko tari ba. Ni ma na san abin da ke gaba, ina jin kalmar a kan harshena, na kasa. Kowa yana jiran wani. Shirun ya yi tsawon da har na ji kukan tunkiya a gidan maƙwabta. Daga nan Malam ya yi kabbara ya tafi ruku'u.

Bayan sallama ba wanda ya ta da zancen. Sai dai gaisuwar ranar ta fi ta kullum tsawo, kowa yana tambayar gajiya da iyali da gona, kamar mai neman abin da zai rufe wani abu da shi.

Na koma makaranta, labari ya riƙa iske ni ta waya daga yayana, babban ɗan Malam, wanda ke sana'ar rake da hatsi a Makarfi. Abin ya sake faruwa, ya kuma sake. Ba kullum ba, amma ya isa a ce mutane sun fara riƙe numfashi in Malam ya ɗauko sura mai tsawo. Na zo gida muka kai shi asibiti. Likita ya ce jininsa ya ɗan hau, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce sauran kuma akwai shekaru a ciki, a riƙa dawowa ana dubawa. Na tambaye shi a gefe ko yana ganin alamar ƙarancin tayamin, ya ce bai gani ba. Gwaggonmu ta Kudan, ƙanwar Malam, ta aiko da zuma da habbatus sauda, da saƙon cewa a daina ba shi shayi mai sukari.

Ana saura 'yan makonni azumi Yaya ya kira ni, ya ce in biyo ta Makarfi kafin in wuce gida. Na same shi a rumfarsa ranar kasuwa, ana loda rake a mota, yana tsaye da waya a hannu. Bayan mun gaisa ya juyo mini da fuskar wayar. Sunan maganin da nake bincike a kai ne, da hoton kwalinsa, da dogon rubutu cewa yana kaifafa tunani yana dawo da abin da aka manta.

Ya ce, "Wannan ba shi ne na ɓerayenka ba?"

Na ce, "Shi ne, amma abin da suka rubuta ɗin nan, ina ganin sun zarce."

"Malam ya faɗa wa na'ibi zai yanke shawara kafin a ga wata. Ko ya ci gaba da jan salla, ko ya miƙa masa. Na gaya masa ɗansa yana da maganin abin a hannu, ya ce sai ya ji daga bakinka. To ga ka. Kai dai ka ce masa zai yi. Kawo shi daga Kano aikina ne."

"Yaya, ban san zai yi ba."

"Ka san ba zai yi ba?"

"Wannan ma ban sani ba."

Ya kalli mai lodin da ke kusa kamar yana neman shaida. "Ka ji likitan ɓeraye. Kai ko sunanka aka tambaye ka sai ka ce wataƙila." Ya matso ya rage murya. "Saurara. Ni nake tsayawa a bayansa kullum, kai kana can. Haddarsa tana nan. Tsoro ne ya shige shi tun ranar farko. Yana ɗauko surar yana jiran wurin, wurin kuma yana jiransa. In ya haɗiyi ƙwaya ya yarda ta yi masa aiki, zai wuce. Ko garin rogo ne a ciki zai wuce. Kalma ɗaya nake nema a wurinka."

Na ce masa Malam yana shan maganin hawan jini, ban san yadda biyun za su zauna ba, sai an tambayi likita. Ya ce a tambayi likitan, shi ba wannan ne ya dame shi ba. Gaskiyarsa kuma. Abin da yake nema ba izinin likita ba ne, bakina yake nema. Na hau mota zuwa Ikara ban ce masa e ba, ban ce a'a ba, hanya duk ina shirya maganar da za ta gamsar da kowa. Ban same ta ba.

Washegari da hantsi, bayan masu ɗaukar karatu sun watse, Malam ya aika a kira ni zaure, ya ce in zo da takardun aikina. Karatun zaure yana da tsarinsa: malami yana kan buzu, ɗalibi yana ƙasa a gabansa, ana ɗaukar nassi gaɓa-gaɓa ana fassarawa, ɗalibin yana amsawa da na'am a ƙarshen kowace gaɓa don a san yana biye. Da na shiga sai na tarar Malam ya sauka daga buzun, ya zauna a kan tabarma inda ɗalibai ke zama. Ya nuna mini buzun.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba zan iya ba."

"Yau kai ne da karatu. Zauna."

Na ɗosana a gefen buzun, rabin jikina a ƙasa. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, ya harɗe hannu.

Na fara. Nakan karanta jimla da Turanci, in mai da ita Hausa. Na ce waɗanda suka riga mu wannan bincike sun ga cewa in an ba ɓera maganin, wani sinadarin saƙo da ake kira dofamin yakan ragu a sashen gaba na ƙwaƙwalwa.

Ya ce, "Na'am."

Na ce in an jima ana ba shi, ƙofofin da ke karɓar wannan sinadari sukan ƙaru a wurin, kamar ƙwaƙwalwar tana rama abin da ta rasa.

"Na'am."

Na ce akwai alamar yana taɓa wani sinadarin kuma, wanda ake dangantawa da riƙe abu a ka, kuma a wasu gwaje-gwajen ɓerayen da aka ba maganin sun ɗan fi riƙe abin da aka koya musu.

"Na'am." Na lura ya ɗan gyara zama. Yaya ma ya saki hannunsa.

Da a nan na tsaya, da ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Na sha komawa wannan gaɓa a raina. Amma na ci gaba. Na ce a nawa ɗan aikin na ga sauyi a wani sashe, a wani ban gani ba, kuma ɓerayena ba su da yawan da zan kafa hujja da su. Na ce ɓerayen matasa ne masu lafiya, ba tsofaffi ba. Na ce sauyin sinadari a ƙwaƙwalwa daban, dawowar abin da aka manta daban. Na ce ɓera yana koyon hanyar da abinci yake ne, ba wanda ya taɓa gwada shi da hadda. Duk wannan yana amsawa da na'am, muryarsa ba ta sauya ba.

Da na rufe takardun ya ce, "Madalla. Saura tambaya. Ka san a wurinmu sani hawa-hawa ne. Akwai yaƙini, wanda ba ja a cikinsa. Akwai zato mai rinjaye. Akwai shakka, inda ɓangarorin biyu suka yi daidai. Cewa maganin nan yana taɓa saƙonnin da ke kan ɓera, wane hawa ne?"

Na ce, "Wannan ina ganin ya kusa yaƙini."

"Cewa zai riƙe mini aya a gaban jama'a fa?"

Na ji idon Yaya a ƙeyata. Zato mai rinjaye kawai zan ce, ba sai na ce yaƙini ba. Malam ya sha gina hukunci a kan zato mai rinjaye, na ji shi da kunnena. Na buɗe baki da niyyar faɗin hakan, ina jin da gaske na yi niyyar. Abin da ya fito shi ne, "Allah gafarta Malam, ban isa in kai shi zato ba. Shakka ce."

Ya gyaɗa kai a hankali, irin yadda yake yi in ɗalibi ya ba da amsar da yake jira. Ya ce, "To ai an gama. Wanda ya yi shakka a sallarsa, uku ya yi ko huɗu, me muka ce ya yi?"

Wannan ko yaro ya sani a gidanmu. Na ce, "Ya yi gini a kan yaƙini."

"Yaƙinin da ke hannuna shi ne na tsaya a tsakiyar aya, mutane suna bayana, kunyata ta hana su tuna mini. Wannan na gani. Naka kuwa shakka ce. Sallar mutane ba wurin gwaji ba ce, ba ɓeraye ba ne su." Ya yi ɗan murmushi. "Tashi mini daga buzu, likita."

Yaya ya ce, "Malam, a gwada mana ko na wata ɗaya ne." Malam ya ce in likitan asibiti ya yarda zai sha, ba ya gaba da magani, amma limanci ba zai jira ƙwaya ba. Da la'asar ɗin ranar, da aka ta da iƙama, ya kama hannun na'ibi ya tura shi gaba, shi kuma ya ja da baya ya shiga sahu. Na'ibin ya tirje, ya juyo, Malam ya sake tura shi. A ƙarshe na'ibin ya ja sallar. Maganin kuwa ba a ƙara ta da zancensa ba, domin Yaya ya ce ba shi da sauran amfani tunda na riga na zare masa lakka.

Yaya bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da wataƙila na samu abin karewa. Ya dai daina kirana likitan ɓeraye, ya koma kiran sunana na yanka, gaisuwarmu ta waya ta gajarce. Sau ɗaya kawai ya ce mini, "Ka kare ɓerayenka, ka bar ubanka." Gwaggo ta Kudan da ta ji labari cewa ta yi ai gara haka, dattijo ya huta. Mahaifiyarmu kuwa, na ga ta daina goge babbar rigar da yakan sa ta limanci, ta ninke ta ta sa a ƙasan akwati.

Na gama digirin. Malamar da ke duba aikina ta yaba da yadda ban faɗi abin da ya wuce sakamakona ba, ta ce ɗalibai kaɗan ne ke iya kame alƙalaminsu haka. Na yi godiya, amma yabon bai zauna mini ba. Abin da har yau ban warware ba shi ne dalilin da ya sa na ce shakka. Wani lokaci nakan ce don gaskiya ce, kuma har yanzu ina ganin gaskiya ce, in aka sake tambayata a kan hujja amsar ba za ta sauya ba. Wani lokaci kuma nakan tuna ni mutum ne mai tsoron a ce shi ya ce. Da na ce zato, ya sha, ya sake kakarewa a gaban jama'a, da sunana za a kira. Shakka ba ta ɗora wa mai faɗinta komai. Ban san wanne daga cikin biyun ya motsa harshena a zauren nan ba, kuma ba ni da na'urar da zan auna wannan da ita.

Malam ya ci gaba da ba da karatu da safe, littafi a buɗe a gabansa. Yakan riga kowa zuwa masallaci ya zauna a ƙarshen sahun farko, jikin bango. Mutane sun ɗauki lokaci kafin su daina juyawa wurinsa in an ta da iƙama.

Bara, wajen girbin dawa, na zo gida. Muka yi magariba, ina tsaye kusa da shi, sabon liman ya karanta wata gajerar sura. Da muka fito muka kamo hanyar gida mu biyu, yana gaba da sandarsa ina biye, kamar yadda muka saba. Sai na ji yana karatu ƙasa-ƙasa. Na kasa kunne. Surar nan ce, ta ranar barkono. Tun kafin ya kai wurin na rage tafiya. Ya iso ayar ya wuce ta kamar ruwa a kwari, ya ci gaba har ƙarshen surar, bai yi ko gargada ba.

Muna ƙofar zaure na kasa haƙuri. Na ce, "Allah gafarta Malam, ai an wuce wurin."

Ya ce, "Ina wucewa kullum. Ba kowa a bayana ne."

Na tsaya riƙe da takalmina a hannu. Maganar Yaya ta rumfar rake ta dawo mini kalma-kalma. Na ce, cikin in-ina, ko za a sake gwadawa, ko da asuba ce, lokacin mutane ba su da yawa, ni kuma zan tsaya a baya in tuna in an tsaya.

Ya jingine sandar a bango, ya juyo ya dube ni. "Ɓerayen naka sun faɗa maka wani sabon abu ne?"

Na laluba a kaina. Na ce, "A'a. Ba su faɗa ba."

Ya ce, "To." Ya shiga ciki, ya ce in ce a kawo masa tuwonsa zaure.